Na Tura Wuta Ramin Gafiya, Rumbun Yayan Mijina Ya Ƙone

Zuwa ga Malam Zailani, mai amsa wasiƙun jama'a.

Allah ya gafarta Malam, ka taimake ni don girman Allah, ka ba ni amsa kafin ruwan farko ya sauka. Mijina zai dafa Alƙur'ani ya rantse a kan abin da bai sani ba, ni kuwa na sani, kuma bakina ya ƙi buɗewa. Da hannuna nake wannan rubutu, da ɗan ajamin da mahaifina ya koya mini, don babu malamin da zan iya zama gabansa in faɗi maganar nan ya rubuta mini. In ka ga layin ya karkace ka yi haƙuri, a bayan akushi nake dannewa. Na taɓa jin ana karanta amsoshinka a gidan yayata a Gumel. Wata mai tallan goro da ke zuwa Kano za ta kawo maka wannan, ba ta san abin da ke ciki ba.

Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, ba zan faɗi sunansa ba. Gida ɗaya ne, sassa biyu. Ni da maigidana da 'yarmu ɗaya muna gabas. Yayansa, wanda zan kira Haladu, yana yamma da matarsa Kande da 'ya'yansu huɗu. Mahaifiyarsu, Iya, tana ɗakinta a tsakiya. Idonta ya yi rauni, amma hancinta da kunnenta lafiya lau. Tun rasuwar ubansu aka raba gandu, kowa da gonarsa da rumbunsa. Rumbun Haladu na kara ne da zana, an ɗora shi a kan itatuwa, yana bayan ɗakina, bango ɗaya ne tsakaninmu.

Sai na faɗa maka halina da ɓera, in ba haka ba ba za ka gane ni ba. Shekarar babbar yunwar nan da ta kwashe mutane, shekara goma sha biyar ke nan, ina 'yar shekara tara. Ƙanwata Murja tana kwance a tabarma, ba ta da ƙarfin korar ƙuda. Wata safiya muka yaye zanen da aka rufa mata, muka tarar ɓeraye sun cinye mata yatsun ƙafa biyu. Tana da rai, tana kallonmu, ko kuka ba ta iya yi. Kwana uku ta ƙara a duniya. Tun daga ranar ban taɓa ganin ɓera na ƙyale shi ba. Ina kafa musu dutse a kan tsinke da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashi. Ina cika tukunya da ruwa in barbaɗa dusa a sama su faɗa su nutse. Wanda na kama da rai, Allah ya yafe mini, wutsiyarsa nake kamawa in riƙa maka shi da turmi har sai kansa ya fashe. Na taɓa samun jarirai jajaye guda tara a cikin tsumma, na tattake su da diddige ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunan Murja. Matan ƙauyenmu Kyanwa suke ce mini. In ɓera ya dami mace sai a ce ta aika a kira Kyanwa. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin sunan.

Tunda aka ce aikin hanyar jirgin ƙasa ya doso Gagarawa, kowa ya haukace da zancen noman gyaɗa, ni ma na ce bana gyaɗa zan zuba a gayaunata. Na samo iri wurin dangin uwata a Ɗanzomo, wata jar gyaɗa mai ƙwaya uku, babu mai irinta a ƙauyenmu. Na zuba ta da ɓawonta a babbar tukunya a ɗakina, na rufe da faifai.

Sai gyaɗa ta fara raguwa. In tashi da safe in ga an ture faifan. Na ɗora masa murfin tukunya, aka ture su duka biyu. Ga kashin ɓera nan ƙanana baƙaƙe a gindin bango, na ce to, kun zo gidan da ya dace. Cikin mako biyu na kashe goma sha ɗaya, na jera su a bakin danga mata suna zuwa kallo. Gyaɗa ba ta daina raguwa ba. Abin da ya ɗan ɗaure mini kai shi ne babu ɓawo. Tukunya ta sauka da kamu guda, amma ko ɓawo ɗaya ban share ba.

Iya ta ji ina zage-zage ta kira ni. Ta tambaye ni ko ina ganin ɓawo, na ce a'a. Ta ce in kawo mata kashin da nake sharewa ta taɓa da hannunta. Na kai mata ƙananan. Akwai wasu manya-manya a tare wuri guda a bayan randa, amma na ɗauka na ɗan akuyar Kande ne da ke leƙo mini ɗaki, ban kai mata su ba. Duk da haka ta ce mini, 'yar nan, wannan aikin gafiya ne, ki bari maza su haƙa. Na ce to, Iya. A raina kuwa dariya nake yi. Ni za a koya wa ɓera? Tsohuwar da ba ta ganin tafin hannunta?

A kwanakin nan ne Haladu ya shiga rumbunsa, ya tarar dammunan ƙasa sun zama kara zalla, an kwashe hatsin. Ya fito ya ce hannun mutum ne, kuma mutumin bai yi nisa ba. Dama tun rabon gandu ba sa shiri da ƙanensa. Maigidana mutum ne mai sanyi, sai ka taka shi sau uku bai ɗaga kai ba, amma in ya fusata bakinsa ba shi da linzami. A gaban mutane, a ƙofar gida, ya ce Allah ya sa wuta ta cinye rumbun, kowa ya huta. Mutum shida suka ji.

Ranar Alhamis Haladu da Kande suka tafi kasuwar Maigatari, suka bar yaransu a gidan kawunsu. Maigidana ya tafi sharar gona shi kaɗai, yana tara kara yana ƙonawa. Da hantsi na janye randa don in share, sai ga tarin sabuwar ƙasa, a tsakiyarta ɗan rami da babban yatsa zai toshe. Na sa muciya na zungura. Ƙasar ta rufta, rami ya buɗe har dunƙulen hannuna zai shiga. Nan ya kamata in tsaya, na sani. Amma sai na ce gidan sarkinsu na samo yau. Na kwaso tsumma na jiƙa da man gyaɗa, na naɗe barkono tafi guda a ciki, na ɗebo garwashi a kasko, na tura duka da muciya iya tsawonta, na durƙusa ina fifitawa da faifai. Na sha yi wa ramin ɓera haka. Hayaƙin yakan dawo ya cika ɗaki, su fito a guje ina bi ina bugu. Wannan karon hayaƙin bai dawo ba. Ramin ya riƙa zuƙarsa, har ina jin iska tana wucewa ta bayan hannuna. Na ƙara tsumma, na ƙara mai.

Kuka na fara ji daga bayan ɗaki, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗauki taɓarya na zagaya. Daga ƙarƙashin rumbun Haladu wata gafiya ta fito, girmanta ya kusa na kyanwa, bayanta yana ci da wuta, wutsiyarta rabi fari, kumatunta a kumbure. Na bi ta na kai mata duka uku. Na ukun ya fasa kan, jar gyaɗata ta zubo daga bakinta. Ina tsaye a kanta ina haki, wallahi Malam har daɗi na ji. Da na juya, zanar rumbun ta riga ta kama.

Ka san bazara, ka san iskar wajenmu, ka san zurfin rijiyoyinmu. Ruwan randa ɗaya na watsa, kamar ban watsa komai ba. Dami arba'in na gero, da irin shukarsa na bana, da waken Kande, duk suka tafi kafin mutum ya gama cin tuwo. Kafin maza su iso daga gonaki na kama gawar gafiyar ta wutsiya na jefa cikin wutar. Na koma ɗaki na danna ƙasa a bakin ramin da diddige, na mayar da randa a kai. Wannan ban yi shi cikin ruɗewa ba. Da hankalina na yi, kuma shi ya fi ci mini rai.

Maigidana ya iso a guje, rigarsa tana warin hayaƙin gona, ƙyastu yana aljihunsa. Mutane suka fara kallon juna. Bayan la'asar Haladu ya dawo. Bai tambayi kowa komai ba. Ya kalli tokar, ya kalli ƙanensa, ya sunkuya ya ɗauki taɓaryar nan da na jingine, jinin gafiya bai gama bushewa a kanta ba. Kan maigidana ya nufa da dukan farko. Maigidana ya kare da hannun dama, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Ya faɗi, Haladu ya hau ruwan cikinsa ya shaƙe shi har idanunsa suka firfito, harshe ya fito waje. Maigidana ya samu kunnensa da haƙori, bai saki ba sai da ya ciro rabi ya tofar cikin toka. Jini ya wanke su duka biyu, ba ka sanin na wane ne. Maza biyar suka raba su da ƙyar. Iya ta rarrafo tana lalube tana kiran sunayensu na yarinta, wani ya ture ta ba da sani ba, bakinta ya fashe a kan turmi. Ni kuwa ina cikin mata ina ihu. Ihu kawai, kalma ɗaya ba ta fito daga bakina ba.

Maɗori ya ɗaure hannun da karare, ya ce ƙashi biyu ne suka karye, da wuya ya riƙe fartanya bana. Bulama, mai garinmu, ya zauna da dattawa, suka yanke cewa ran Juma'ar da ta biyo kwance ɗori maigidana zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani a masallaci, ya rantse cewa ba shi ya sa wutar ba, kuma ba wani na ɗakinsa ba ne. In ya rantse, Haladu zai bar wa Allah. In ya ƙi, za mu tattara mu bar garin. Saura kamar kwana ashirin. Haladu ya riga ya kafa danga a tsakiyar gidan, yana yawo da tsumma a kunne, ya ce ko gawarsa kada ƙanensa ya bi.

Yanzu a sashensu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ina jin ƙaramar 'yar Kande tana kuka ta bayan dangar, irin kukan da na sani tun ina 'yar shekara tara. Ina tura musu tuwo ta ƙasan zana in Haladu ba ya nan. Kande tana karɓa tana sa mini albarka, wai ni ce mai imani a gidan nan. Gara ta mare ni.

Maigidana kuwa hankalinsa kwance. Yana cewa Allah ya nuna masa Juma'ar nan, zai rantse da zuciya ɗaya. Da hagu yake cin abinci, miya tana zuba a rigarsa, yana dariya yana cewa in yi haƙuri da wanki. Sau biyu na durƙusa zan faɗa masa, sau biyu na ƙare da tambayarsa ko in ƙara masa ruwa. Iya ba ta ce mini komai ba. Amma ranar gobarar na ji tana tari tana cewa wa ke ƙona barkono a gidan nan. Kuma tun daga ranar, in na je gaishe ta da safe, sai ta amsa, sannan ta tambaye ni ko ɓerayen sun bar gyaɗata. Kullum.

Ina tsoro, Malam. Wanda ya karya hannun ɗan'uwansa ciki ɗaya, me zai yi mini? Ina tsoron saki, a raba ni da 'yata, in koma Ɗanzomo ana nuna ni da baki. Wani lokaci ina ce wa kaina ai shi bai san komai ba, wanda bai sani ba bai yi ƙarya ba, in na yi shiru rantsuwa za ta wuce, gida ya zauna, in yi ta ciyar da 'ya'yan Kande a ɓoye har in mutu. Wani lokaci kuma in tuna mutanen da aka ce rantsuwa ta ci, in kalli hannun da ya rage masa. Shin rantsuwar za ta kama shi a kan laifina? In yi shiru ko in faɗa? In zan faɗa, wa zan fara faɗa wa? Kuma ka gaya mini yadda ake bambance ɓarnar ɓera da ta gafiya, in san ko makanta ce ta same ni ko girman kai.

Taka cikin damuwa,
Wadda ake kira Kyanwa, daga ƙasar Gumel.

AMSA

'Yata, wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, kuma na ba mai goro amsar nan a hannu don kada ki jira fitowarta a jarida. Allah ya sanyaya miki. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, ita ce mai sauƙi, kuma amsar sauran tana cikinta.

Na yi shekara ashirin ina sayar da hatsi kafin in zauna ina amsa wasiƙu, saboda haka ni ma na san su. Ɓera a wurin yake ci. Yana ɓare gyaɗa ya bar miki ɓawo da gari da zarnin fitsari, kashinsa ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a warwatse duk inda ya bi. Raminsa gajere ne, bakinsa yatsa biyu, kuma ba shi da ƙarfin ture faifai da murfi. Gafiya ba ta ci a gidan mutane. Cika kumatu take yi ta tafi ta ajiye, ta dawo, shi ya sa tukunya ke sauka babu ɓawo. Kashinta ya kusa ƙwallon dabino, kuma wuri guda take tarawa. Raminta hannu yana shiga, tana toshe bakinsa da ƙasa da rana, yana da ƙofa biyu ko uku, da ɗakin ajiya, da sheƙar busasshiyar ciyawa. Wanda yake shakka ya barbaɗa toka a ƙasa da yamma, da safe ya duba sawu. Ku masu karatu ku riƙe wannan: ramin da ya sha hayaƙi bai dawo da shi ba yana da wata ƙofa, kuma ba ku san inda ta buɗe ba. Kada a tura wuta rami kusa da rumbu, ko na ɓera ne. Gafiya haƙa ake yi, ko a kafa mata babban tarko a ƙofa.

Ɓeraye kam suna ɗakinki, goma sha ɗayan nan ba ƙarya ba ne, su suka rufe miki ido. Har nan makanta ce, kowa zai iya yin ta. Amma an ture murfi, ba ki ga ɓawo ba, Iya ta faɗa miki, ƙasa ta rufta a gaban idonki. Daga nan sunan Kyanwa ne ya riƙe miki faifan. Kin tambaye ni, na faɗa miki.

Yanzu ga abin da ba ki lura da shi ba. Hatsin da Haladu ya ce hannun mutum ya kwashe, wa kike tsammani ya kwashe shi? Ramin da ya fara bayan randarki ya ƙare ƙarƙashin rumbunsa. Dabba ɗaya ce take cin gidaje biyu. An kira mijinki ɓarawo a ƙofar gidansa, an kuma kira shi mai sa wuta, kuma shaidar da za ta wanke shi daga duka biyun tana ƙarƙashin randar da kike shan ruwa.

Game da rantsuwa, na tambayi waɗanda suka fi ni sani, sun ce wanda ya rantse a kan iyakar saninsa bai yi ƙarya ba. Alƙur'ani ba zai ci mijinki a kan abin da aka ɓoye masa ba. Amma kada ki yi murna da wannan. Ke ce za ki tsaya ki bar shi ya ɗora hannu ɗaya da ya rage masa a kan Littafin Allah don ya kare ki, alhali kin sani. Kuma ranar da maganar ta fito, babu wanda zai tsaya yana bambance wanda ya sani da wanda bai sani ba. Za a ce gidan wane sun ci rantsuwa, sunan ya bi 'yarki har ɗakin mijinta. Rantsuwar ma ba za ta cire dangar ba. Haladu zai bar wa Allah da baki, ya mutu yana ganin ƙanensa ya ƙona abincin 'ya'yansa.

Ban raina tsoronki ba. Haladu ya nuna abin da hannunsa zai iya, saboda haka kada ki kuskura ki tunkare shi ke kaɗai, ko ki fara da Kande. Ki fara da Iya. Ta riga ta sani, tambayar da take miki kullum ƙofa ce take buɗe miki, kuma tsohuwa ce, ba za ta yi ta buɗewa har abada ba. Gobe in ta tambaya, ki ce mata gafiya ce, Iya, kuma ni ce. A ɗakinta, a gabanta, za ki faɗa wa mijinki. Ki faɗi duka, har da gawar da kika jefa wuta da randar da kika mayar, don abin da kika rage yau shi za a kama ki da shi gobe. Daga nan Iya ta aika wa Bulama da liman. Ke ki koma gidan liman da 'yarki ki zauna cikin iyalinsa har a gama. Dattawa su sa Haladu a tsakiyarsu, su sa a janye randa, a bi ramin da fartanya tun daga ɗakinki har tokar rumbu, yana kallo. Za su ga baƙin hayaƙi a hanya. In wutar ba ta kai ɗakin ajiyar ba, za su ga geronsa da jar gyaɗarki a cakuɗe. Mutum yana iya ƙaryata mace mai kuka, amma zai yi wuya ya ƙaryata abin da aka haƙo a gabansa.

Sannan ki ɗauki nauyin abin da kika yi a fili. Ki roƙi mijinki a buɗe rumbunku a ciyar da gida biyu har kaka, a daina tura tuwo ta ƙasan zana. A ba Haladu irin shuka daga naku. Abin da gayaunarki ta bayar bana, na Kande ne. Shi ma Haladu yana da abin amsawa. Ya ɗaga taɓarya kan ɗan'uwansa bai tambaya ba, kuma gonar mai karyayyen hannu tana jiran wanda zai nome ta. Mijinki kuma ya koyi riƙe bakinsa. Wannan aikin dattawa ne, ba naki ba, kada ke ki ɗaga maganar.

Ba zan yi miki alkawarin ba za a sake ki ba, ban san zuciyar mijinki ba. Na dai san mutumin da miya ke zuba a rigarsa yana ba matarsa haƙurin wanki, ba kowane irin mutum ba ne. Zai yi fushi, ya cancanta ya yi. Fushin wanda aka faɗa wa kafin Juma'a daban yake da na wanda ya gano bayanta.

Abu ɗaya kuma, tsakanina da ke. Kashe ɓera halal ne, amma malamai sun hana azabtar da dabba, sun hana kisa da wuta. Shekara goma sha biyar kina rama wa Murja, ba ta samu komai a ciki ba. Yanzu ga wata yarinya tana kukan yunwa a bayan danga. Ita za ki iya yi wa wani abu. Murja kuwa addu'a take so.

Kada ki ƙirga kwana ashirin, 'yata, ki kalli gabas. In ruwan farko ya riga ki, ramin zai rufta, shaidar mijinki ta zama laka. Abin da ya tsira daga ajiyar gafiya kuma iri ne, ba ya sanin asirin kowa. Ina jiye miki ranar da Haladu zai fito da safe ya ga gyaɗa ta tsiro a inda rumbunsa ya tsaya, ya tuge ɗaya, ya ga jar nan mai ƙwaya uku da mace ɗaya ce take da ita a garin. Ki riga ƙasa magana.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya gobe da safe a ɗakin Iya, ya ɗora hannun maigidanki, ya sanyaya zuciyar Haladu, ya jiƙan Murja, ya ba ku damina mai albarka.

Malam Zailani